Farautar barewa da baka a tsaunukan Kolorado: daga ina baƙo zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina zaune a Hustan ta jihar Teksas. Bara na sayi bakan zamani, irin mai ’yan tayoyi a kai da gindi, kuma ina atisaye kusan kowane mako. Ni da wani abokina muna so mu je farautar barewa a tsaunukan Kolorado cikin watan Satumba, mu goya kayanmu mu kwana a daji kamar mako guda. Babu wanda ya taɓa zuwa can a cikinmu. Daga ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan’uwa. Ku fara daga ƙarshen tafiyar. Kafin ka buɗe taswira, zauna ka ɗauka cewa Allah ya ba ka sa’a: ga barewa kwance a gabanka, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, rana ta fara zafi, ƙudaje sun iso, motarka kuma tana can bayan tsauni. Yaya za ka fitar da naman nan bai lalace ba? Amsar da ka ba wannan tambayar ita za ta faɗa maka nisan da za ka shiga, da kayan da za ka ɗauka, har da lokacin da ya kamata ka saki kibiya da lokacin da ya kamata ka haƙura. Na yi shekaru ina hawan duwatsun nan, kuma yawancin baƙin da na ga sun sha wahala, lissafinsu a kan shiga ya tsaya, ba su lissafa fitowa ba.

Ga lissafin. Dabbar da za ku nema ita ce barewa mai kunnen alfadari, wadda ta samo sunanta daga manyan kunnuwanta. Barewa muke ce mata don babu wani suna da ya fi kusa, amma ta ninka barewar da muka sani a gida girma nesa ba kusa ba, kuma ƙahon namijin rassa gare shi, yana zubar da shi duk shekara ya tsiro da sabo. Babban namiji, in ka feɗe shi ka zare ƙashi, zai ba ka tsoka kilo 30 zuwa 40. Kayan kwananka da ragowar abinci da baka ba za su gaza kilo 18 ba. Ku biyu za ku iya raba wannan ku fito a sawu ɗaya, da ƙyar. In kai kaɗai ne, ko abokinka ya gurɗe ƙafa, sawu biyu ke nan, wato ka taka hanyar sau uku: ka fita, ka dawo, ka sake fita. Wanda ya kafa tanti kilomita 10 daga mota ya ɗaura wa kansa tafiyar kilomita 30 a hawa da gangare, kashi biyu cikin uku da kaya a baya. Shi ya sa nake cewa a karon farko kada ku wuce kilomita 3 zuwa 5 daga inda mota ta tsaya. Kada ka raina wannan nisan. Kilomita 4 da hawan mita 600 ya isa ya raba ku da yawancin jama’a, don abin da ke korar mutane hawa ne, ba tsawon hanya ba.

In kuka zaɓi dajin da dokar tarayya ta 1964 ta keɓe, kamar Weminuche da ke tsaunukan San Juan, wanda ya fi kowanne girma a jihar, to ku sani ba a shiga da duk wani abin hawa ko na ɗaukar kaya mai taya. Babu babur, babu keke, ko baro ba a yarda ba. Bayanka ne, ko doki. Akwai masu dawakai da ke da izinin fito wa mafarauta da nama a biya su. In kuna son wannan, ku yi magana da su tun watanni kafin lokaci, ku ji iyakar inda dokinsu ke kaiwa.

Sai takardu, don nan ne shirin mutane da yawa ke mutuwa tun ba a fara ba. A Kolorado ba a shiga kanti a sayi lasisin barewa yadda aka ga dama. Ƙuri’a ake yi. Hukumar gandun daji da namun dawa ta jihar, wadda ake kira CPW, ta raba jihar yanki-yanki, kowane da lambarsa, kuma ana rufe karɓar takardun neman shiga ƙuri’ar a Talatar farko ta watan Afrilu. Kafin ka nema sai ka fara mallakar wani ƙaramin lasisi na share fage, kamar na ƙananan namun daji, da hatimin kula da muhallin dabbobi. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar ya yi kwas ɗin koyar da mafarauta. Wanda za ka yi a Teksas ya wadatar. Duk shekarar da ba ka samu zaɓinka na farko ba ana ba ka maki ɗaya, kuma shahararrun yankuna sai mai makin shekaru. Kai da ba ka da ko ɗaya, shiga shafin hukumar ka duba rahoton ƙuri’ar bara: yana nuna yankin da baƙi marasa maki suka samu. Daga cikin waɗannan za ka zaɓa. Ku nema a matsayin ƙungiya ɗaya kai da abokinka, don kada ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. In Afrilu ta wuce ku, akwai ƙuri’a ta biyu da tsakiyar shekara, sannan ragowar lasisi da ake sayarwa a farkon Agusta. Lokacin masu baka a yammacin jihar, a ’yan shekarun nan, daga 2 ne zuwa 30 ga Satumba, amma ɗan littafin dokoki na shekarar da za ku je shi ne alƙali, ku karanta shi daga bango zuwa bango.

Kun yi dabara da kuka zaɓi Kolorado. A Wayomin, wanda ba ɗan jihar ba ba ya farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓen daji sai da jagora mai lasisi ko rakiyar ɗan jiha, kuma a sassan Wayomin da Montana da Aidaho akwai babban beyar nan mai faɗa. A Kolorado rabon da a tabbatar da irinsa tun 1979. Baƙin beyar dai yana nan, kuma ƙanshin nama da abinci na jawo shi, don haka ba a kwana da abinci cikin tanti.

Yanzu abin da ya fi damuna game da ku biyu, tunda daga bakin teku za ku taso. Mazan barewar nan a farkon Satumba suna can sama, wajen iyakar itatuwa, wato mita 3,400 zuwa 3,700 daga doron teku. Ciwon tsauni kan fara kama mutane tun daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, abinci ya fita daga rai. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Na ga ɗan ƙwallo ya kwanta, tsoho mai tumbi ya wuce shi. Ku kwana ɗaya ko biyu a gari mai matsakaicin tudu, kamar Durango da ke kusan mita 2,000 ko Gunnison da ke wajen 2,300, sannan ku hau, kuma daren farko a daji ku kwana ƙasa da inda kuke nufi. Wanda ya fara tari mai jiƙa, ko numfashi na gagararsa yana zaune, ko tafiyarsa ta koma ta mashayi, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne. Akwai kuma maganar da ba za ka ji ta a bakin Turawan da ke koyar da farautar nan ba, don ba ta cika shafarsu ba: jininka. Da yawa cikinmu AS ne, muna yawo lafiya lau ba mu ma sani ba. A tudu mai tsawo, da aikin ƙarfi da ƙarancin ruwa a jiki, mai AS na iya samun toshewar jini a saifa, alamarta ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, wani lokaci har kafaɗa. Ku gwada jininku ku biyun, ku faɗa wa likita tsayin da za ku hau, ku kuma tambaye shi batun acetazolamide, maganin da ake sha don rigakafin ciwon tsauni. Wanda yake SS ko SC, wannan tafiyar ba tasa ba ce sai abin da likitansa ya ce.

Mu koma kan taswira. Baƙo makaho ne ko da idonsa, amma yanzu ana rage makantar tun daga gida. Ka buɗe Google Earth ka karkata hoton yadda za ka ga tsaunin a tsaye, sannan ka sa ɗaya daga cikin manhajojin mafarauta, onX Hunt ko Gaia GPS, masu nuna iyakar ƙasar gwamnati da ta mutane. Wannan iyakar ba abin wasa ba ce. A Kolorado mai fili ba dole ne ya kafa allo ko shinge ba. Kai ne za ka san inda kake, kuma ko dabbar da ka harba ce ta faɗa filin wani, sai da izininsa za ka bi ta. Ni da kai baƙi ne a ƙauyukan nan, ga makami a hannu, ba sai na yi dogon bayani ba. Hukumar gandun dajin tarayya kuma tana da taswirar hanyoyin da aka yarda mota ta bi, ku sauke ta, don hanyar da manhaja ta nuna a buɗe kan zama da ƙofa a kulle.

Abin da kake nema a hoton shi ne kwari mai siffar ƙwarya a saman tsauni, mai korayen tsirrai, da ’yan gajerun itatuwa ko gindin dutse inda inuwa ke zama, da ruwa kusa. Barewar nan ba ciyawa ta fi ci ba, ganyen ƙananan tsirrai da furanni da tohon itace take bi, shi ya sa gangaren da ƙanƙara ta daɗe ba ta narke ba, wanda ke kallon arewa ko gabas, ya fi riƙe ta. Amma kwarin kaɗai bai isa ba. Nemi wurin zama, wani tudu da ke fuskantar kwarin daga nesa, kilomita ɗaya ko fiye, inda za ka ga kwari biyu ko uku ba tare da ka taka ko ɗaya ba, rana kuma ta fito ta bayanka ko ta gefenka. Daga nan ka nemi inda tanti zai zauna a bayan wannan tudun, ba cikin kwarin ba. Kuskuren da na yi a shekarata ta farko ke nan: na ga wuri mai kyau, ga ƙorama, ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, na kafa tanti. Kwana uku ban ga ko gashi ba. Ran na huɗu ina tattara kaya na lura da makwantai da sabon kashi taku hamsin daga tantina. A ɗakinsu na sauka, suka bar mini.

Ka shirya irin wannan wuri guda uku aƙalla, kowane da mashigarsa dabam, don ɗaya za ka tarar da motoci goma, ɗaya garken tumaki da karnukansu sun riga ka, tunda ana kiwo a dazuzzukan gwamnati da rani. In ka zauna safiya biyu da yamma biyu ba ka ga komai ba, tashi. Ka kuma buga waya ofishin CPW na yankin tun a Yuli, kafin aiki ya yi musu yawa. Kada ka ce “ina barewa take”, ba za ka samu amsar kirki ba. Ce musu ga kwari kaza da kaza da na zaɓa, wanne ne tumaki ke shiga, wanne ne ruwansa ke ƙafewa, hanyar kaza ƙaramar mota na bi? Matambayi ba ya ɓata, in ya iya tambaya. In kuma hali ya yi, ku je ku kwana biyu a wurin cikin Agusta ba baka, madubi kawai. Kuɗin wannan zuwan ya fi amfani da duk wata sabuwar riga da za a tallata muku.

Farautar kanta aikin ido ce. Kakanninmu maharba sun san sanɗa, har kan burtu suke ɗaurawa a goshi su yi ta rarrafe cikin ciyawa sai sun kusa. A can saman tsauni babu ciyawar da za ta rufe ka, sai ka maye gurbinta da haƙuri. Tun duhun asuba kana zaune a tudunka, madubin hangen nesa kafe a kan sanda mai ƙafa uku, don hannu na rawa kuma abin da kake nema ɗan motsi ne: kunne, farin gindi, reshen da ya juya. Mazan sukan yi ƙungiya a wannan lokacin, uku, biyar, ƙahonsu lulluɓe da fata mai laushi kamar karammiski, kuma saboda ƙahon bai gama ƙwari ba sun fi son fili. Da sun goge fatar, wajen tsakiyar wata, sai su fara gangarawa cikin itatuwa, ganinsu ya yi wuya. Shi ya sa makon farko ya fi muku. Ƙari a kan haka, a tsakiyar Satumba masu bindigar ɗuri ke shigowa dajin na kwana tara, ga masu farautar wata babbar barewa da ake kira elk da ke cika ko’ina. A 2021 wani mai bindigar ɗuri ya harbe wani mai baka har lahira a dajin San Juan. In kwanakinku suka haɗu da nasu, sa hula ruwan lemo, kuma duk ranar da ka goya ƙaho a baya ka ɗaura masa ƙyalle mai launi.

To ka hango shi yana kiwo. Ganin Dala ba shiga birni ba. Kada ka motsa. Zai kwanta bayan rana ta ɗaga, sau da yawa kuma zai tashi ya sake wuri in inuwa ta guje masa. Kwanciya ta biyu ce ta zama. Kai ma kana jiran iska ne. Da dare da sassafe iska mai sanyi gangarowa take yi, in rana ta dumama gangaren sai ta juya ta riƙa hawa, kuma tsakanin biyun akwai sa’a ɗaya ko biyu da take ta kai-kawo ba alƙibla. Wanda ya yi sanɗa a wannan tsakanin ya yi wa barewa sallama. Wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, in ta daidaita tana hawa, sai ka zagaya ta bayan tudu ka ɓullo masa ta sama. Shi yana kwance yana kallon ƙasa, iskar na kawo maka warinsa, naka kuma tana wucewa da shi sama. Idonsa ana iya yaudararsa, kunnensa ma wani lokaci, hancinsa kuwa babu dabara, duk turaren kashe wari da ake sayarwa asarar kuɗi ne. ’Yar kwalbar hoda, ko toka a ƙulle a tsumma, ka riƙa kaɗawa kana ganin inda ta nufa.

Kafin ka bar wurin zamanka, ɗauki hoton gangaren da waya, ka zaɓi alama uku da ba za su ɓace ba: busasshen itace, jan dutse, tsagar ruwa. In ka isa can komai zai canza kama, za ka rantse ba nan ba ne. Abokinka ya zauna a kan madubi, ku yi yarjejeniyar alamun hannu tun a gida: yana nan, ya tashi, yi dama, dawo. Ka kuma ƙirga sauran mazan da matan da ke kusa, don wanda ba ka gani ba shi ke tona maka asiri. Saura taku ɗari, cire takalmi ka bar safa mai kauri, ka sa alamar inda ka ajiye su a waya (na taɓa yin awa guda ina neman nawa). In ka shiga nisan harbinka, zauna, ɗora kibiya a tsirkiya, jira ya tashi don kansa. Yana iya kai awa uku. Jifa da tsakuwa don a tashe shi, sau tara cikin goma a ganina, da gudu yake ƙarewa, irin tsallen nan nasu na ƙafa huɗu a tare.

Nisan harbi kuwa, manta da abin da kake yi a filin atisaye na Hustan kana tsaye a shimfiɗe da hutaccen jiki. Doka ta ce ƙarfin jan baka kada ya gaza fam 35, kan kibiya kuma ya zama mai kaifin ƙarfe aƙalla biyu, faɗinsa bai gaza bakwai bisa takwas na inci ba. Dafi haramun ne a dokarsu, kada ma tunanin ya zo. Gwajin da nake ba mutane shi ne: faranti mai faɗin tafin hannu biyu, kan kibiya na farauta ba na atisaye ba, kana durƙushe, bayan ka yi gudu ko ka hau bene da jaka, kibiya ɗaya tak a rana. Nisan da ba ka kuskure farantin a kwana goma a jere, shi ne naka. Ga yawancin masu shekara ɗaya da baka, yadi 30 zuwa 40 ne. Harbi a gangare kuma yana da nasa lissafi: kibiya nisan kwance take ji, ba tsawon gangaren ba. Dabbar da ke yadi 40 a gangare mai digiri 30, kamar yadi 35 za ka auna ta, in ba haka ba ka wuce ta sama. Sayi na’urar auna nisa mai yin wannan gyaran da kanta, ka kuma koyi lanƙwasawa daga ƙugu maimakon sauke hannu. Wurin harbi bayan karfata ne, inda kibiya za ta ratsa huhu biyu, yana tsaye a gicciye ko ya ɗan ba ka baya. In ya fuskanto ka, bar shi.

Bismilla a lokacin sakin kibiya, kada ɗoki ya mantar da kai. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bayyana cewa abin da makami ya huda da kaifinsa ana ci, wanda ya buge da gefensa ba a ci. In ka tarar da dabbar da sauran rai, yanka ta wajaba, amma ka kiyayi ƙaho da kofato, ka zo ta baya, in da hali ka ƙara kibiya tukuna. Akwai wurin da fiƙihu da ƙa’idar maharban nan ke gogayya, kuma gara ka san shi tun yanzu. Su ƙa’idarsu: in jinin da ke jikin kibiya ja ne mai haske da kumfa, huhu ne, jira rabin awa ka bi sawu, in baƙi-baƙi ne, hanta ce, jira awa huɗu, in da kore da wari, tumbi ne, jira awa takwas ko fiye, don in ka tashe ta daga kwanciyar farko za ta yi nisan da ba za ka ƙara ganinta ba. Wannan gaskiya ne, na gwada. To amma in da magariba ka yi harbin, jiran nan kwana ke nan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, ta ce ka ci abin da kibiyarka ta kashe matuƙar bai kwana ɓoye gare ka ba, sannan ta kawo ɗaya maganar cewa in an samu kibiyar a makasa babu laifi. Ka tambayi malaminka kafin ka tafi. Ni dai mafitar da na riƙe ita ce ba na harbi in saura ƙasa da awa biyu rana ta faɗi, duk da doka ta ba da dama har rabin awa bayan faɗuwarta. Sanɗar tsakar rana da na kwatanta maka ta riga ta kauce wa matsalar, kuma naman da ya kwana cikin fata a Satumba, ko ya halatta, sau da yawa ɓangaren da ke ƙasa ya yi tsami.

Da ka same ta, fara da lasisi: sa hannu, cika abin da aka ce, ka ɗaura. Sannan fiɗa, da sauri. Ba sai ka farka ciki ba. Tsaga fata ta gadon baya, ɗaye gefe ɗaya, cire cinya da karfata, zare doguwar tsokar baya, yanki naman wuya da na haƙarƙari, sa hannu ta bayan haƙarƙarin ƙarshe ka ciro tantaƙwashi, ka juya ka maimaita. Barin cinyoyi, karfata, tsokar baya ko tantaƙwashi a daji laifi ne babba a jihar. Dole kuma shaidar cewa namiji ne ta zauna manne da ɗaya daga cikin manyan gaɓoɓin, don haka kada ka yanke marainan ka yar. Kan dabba, in an raba shi da jiki, ba ya wadatarwa. Kowane yanki ya shiga buhun yadi mai shan iska, a rataye a inuwa, in da ƙorama kusa to a samanta inda sanyi ke bi. Leda tana dafa nama mai ɗumi. Zafin da ke cikin ƙashin cinya shi ke fara ɓata shi, saboda haka in rana ta yi zafi tsaga har ƙashi ko ka zare shi gaba ɗaya. In ba ka taɓa fiɗa da hannunka ba, ragon layya na bana kada ka ba mahauci, ka yi shi a ƙasa, da ƙaramar wuƙa, kai da abokinka. A mota kuma ku bar manyan kuloli biyu cike da ƙanƙarar da aka daskarar a jarkoki, a lulluɓe da bargo. Takan kai kwanaki.

Kaya ba zan jera maka su duka ba. Kuɗinka ya tafi wuri uku: takalmin da ka riga ka taka kilomita 80 da shi kafin ranar, jaka mai ƙarfen baya da za ta ɗauki kilo 40, da madubi. Dare a can yakan sauka ƙasa da sifiri ko a farkon Satumba, dusar ƙanƙara ma na iya zuba, don haka jakar barci ta sanyi da rigar ruwa dole ne, auduga kuma a bar ta a gida don in ta jiƙe ba ta bushewa. Ruwan ƙorama, komai haskensa, a tace shi. Hadari kan taso da azahar, kuma aradu a saman tudun da babu itace ita ce abin da na fi tsoro a dajin nan, fiye da beyar da damisar dutse. Da ka ji rugugi, sauka, ka ajiye baka nesa da kai. Sabis ɗin waya babu, sai ku sauke taswira a wayoyinku biyu, ku riƙe ta takarda da kamfas, ku kuma ɗauki na’urar aika saƙo ta tauraron ɗan’adam irin su Garmin inReach. Ku bar wa wani a gida sunan mashigar da kuka bi, lambar mota, da ranar da in bai ji ku ba zai kira ofishin sharif na gundumar. Abinci mai maiƙo mara nauyi: kilishi, dabino, gyaɗa, dakuwa, garin kunu, namu ya fi nasu na leda daɗi da araha. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, kuma alwala da ruwan ƙanƙara da asuba sai an ɗan ɗumama.

Abu ɗaya ya rage a kan nama. Akwai cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa, wadda aka fara ganowa a 1967 a Fort Collins, nan Kolorado, kuma tana cikin garkuna da dama na jihar. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana da ita. CPW na karɓar kan dabbar ta yi gwajin. Ka kai, ka ajiye naman a firiza har sakamako ya fito. Saboda cutar ne jihohi da yawa suka hana shigo da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, don haka ka duba dokar Teksas da ta jihohin da za ku ratsa, ka koma da zallar tsoka da ƙahon da aka wanke ƙoƙonsa tas. Ina ba ku shawarar mota a kan jirgi, duk da tafiyar yini biyu ce: baka na shiga jirgi cikin akwatinsa a kayan awo, amma gas ɗin girki da feshin korar beyar ba sa shiga ko ta wace hanya, ga kuloli, ga nama. Kwas ɗin mafarautan nan kuma ku yi rajistarsa a makon nan, don lambar katin ake tambaya a takardar ƙuri’a.